Bidiyon Aro a Shafinmu: Wa Zai Gyara Ranar da Hanya ta Sauya?

Gaisuwa ga mutanen Ikara, da na Makarfi, da na Hunkuyi da sauran garuruwan Kudan, da duk inda muryar nan ta kai. Shirinmu na yau a kan bidiyo ne. Ba wanda ake tura muku a memori a shagon masu turi ba. Ina nufin bidiyon da kuke gani a cikin shafin intanet na makaranta, ko na ƙungiyar manoma, ko na ɗan kasuwa. Galibin irin wannan bidiyo ba a shafin yake zaune ba. Yana can a rumbun wani babban kamfani, ana hasko shi ne ta wata hanya da kamfanin ya ba da aro. Wani lokaci ma kamfanin da kansa yakan rubuta cewa hanyar ta gwaji ce, tana iya sauyawa ba tare da sallama ba. To, ga tambayar da za mu bi a yau. Shin daidai ne matashin da aka ba aikin haɗa shafi ya jingina aikin mutane da hanyar gwaji? Amsata ita ce e, daidai ne, amma da sharaɗi. Ya faɗa wa mai aikin gaskiya, ya tabbatar asalin bidiyon yana hannun mai shi, kuma ya bar wata hanyar da mai kallo zai bi idan ta farko ta toshe. Zan kawo hujjojina daga abin da ya riga ya faru, sannan in saurari masu ganin ba haka ba.

Kashi na farko, mu fahimci abin da muke magana a kai. Mu ƙaddara wata makarantar Islamiyya a Makarfi ta yi walimar saukar Alƙur'ani. An ɗauki bidiyo na awa biyu. Iyaye da 'yan'uwa da ke Kaduna da Legas da Saudiyya suna son gani. Sai shugaban makaranta ya kira wani tsohon ɗalibinsa da ya koyo aikin kwamfuta a Zariya, ya ce masa, "Ga bidiyo nan, ka sa mana shi a shafin makaranta." Abin da yaron zai yi sananne ne. Zai ɗora bidiyon a YouTube. YouTube zai ba shi wasu 'yan layuka na rubutun kwamfuta. Zai kwafe su ya liƙa a shafin makaranta. Nan take sai wani ɗan fili mai kusurwa huɗu ya bayyana a shafin, bidiyo na motsi a ciki. Masu sana'ar suna kiran wannan fili iframe. Ku riƙe wannan da kyau. Shafin na makaranta ne, amma abin da ke cikin filin nan na YouTube ne. YouTube ne ke turo hoton, shi ne ke turo sautin, shi ne kuma ke da ikon cewa ga abin da zai biyo baya idan bidiyon ya ƙare.

Yanzu a ce yaron yana so ya ƙara ƙwarewa. Yana so ya jera sunayen ɗaliban da suka yi sauka, ta yadda uwa za ta taɓa sunan ɗanta, bidiyon ya yi tsalle zuwa daidai inda yake karatu. Wannan aiki ne mai kyau, domin ya rage wa uwar ɓata data a kan awa biyu tana neman minti uku. Amma kafin ya yiwu, dole shafin makaranta ya iya ba wa bidiyon YouTube umarni. Kunna. Tsaya. Koma minti na arba'in. Sanar da ni idan ka ƙare. Ƙa'idar da manhaja ɗaya ke bi ta ba wata manhaja irin wannan umarni ita ce masu sana'ar ke kira da haruffa uku, API. Mu a shirin nan za mu ce mata mahaɗa. Kamfani ne ke tsara mahaɗarsa, shi ke rubuta sunayen umarnin, shi ke faɗin wanda zai yi aiki da wanda ba zai yi ba. Idan kuma ya rubuta cewa mahaɗar ta gwaji ce, ma'anarsa ɗaya ce: bai yi wa kowa alkawari ba. Sunan umarni yana iya sauyawa gobe. Abin da ke aiki a wayar Tecno yau yana iya ƙin aiki wata mai zuwa. Ana ma iya janye abin gaba ɗaya.

Manoman yankinmu sun san irin wannan lamari tun kafin zuwan intanet. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wato IAR ta Jami'ar Ahmadu Bello, takan fitar da sababbin iri na masara da dawa da wake, masu sunaye irin su SAMMAZ da SAMSORG da SAMPEA. Kafin a saki iri ga kowa, sai an gwada shi a gonakin manoma. Manomi mai hankali ba ya ƙin irin gwaji, domin ya san daga nan iri mai albarka yake fitowa. Amma ba ya shuke gonarsa duka da shi. Yakan ware masa 'yan kunyoyi, ya kuma bar nasa irin a rumbu. Idan kuma gonar wani yake nomawa, ba zai zuba irin gwaji a ciki ba tare da mai gona ya sani ba. Abin da nake nema daga masu haɗa shafuka bai wuce wannan ba.

Kashi na biyu, mu duba tarihi, domin a nan hujjar take. An kafa YouTube a shekarar 2005. Google ya saye shi a 2006 a kan dala biliyan 1.65. A waɗancan shekaru, kusan duk bidiyon intanet da wata manhaja ake kunna shi mai suna Flash, ta kamfanin Adobe. Wanda ya yi zaman shagon intanet a Sabon Gari ko Samaru a lokacin zai tuna saƙon da ke fitowa yana cewa sai an sabunta Flash kafin bidiyo ya buɗe. Flash ita ce hanyar da kowa ya yarda da ita. Ita ce ingantacciya, ita ce ake koyarwa, ba wanda ke kiran ta gwaji. Sai wayar iPhone ta fito a 2007, ba ta karɓar Flash. A watan Afrilun 2010, shugaban kamfanin Apple na lokacin, Steve Jobs, ya fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa yana bayanin dalilin da ya sa ba za su karɓe ta ba, yana kukan cin batir da raunin tsaro. A farkon wannan shekara ta 2010 ne YouTube ya fara gwajin wata sabuwar hanyar kunna bidiyo ba tare da Flash ba, hanyar da ake kira HTML5, inda manhajar buɗe shafi da kanta ke kunna bidiyon. Da tsakiyar shekarar ya fito da salon iframe da muka ambata, shi ma a matsayin gwaji. A watan Janairun 2011 kuma ya fito da mahaɗar da ke ba wa wannan iframe umarni, tare da gargaɗin cewa abin bai gama nuna ba, yana iya sauyawa.

To, a wannan lokaci masu haɗa shafuka sun rabu biyu. Wasu suka ce ba za su ɗora aikin mutane a kan abin da mai shi ma bai tsaya masa ba, suka zauna a kan Flash. Wasu suka rungumi sabuwar hanyar, suka sha wahalarta, domin a farko ba ta iya duk abin da tsohuwar ke yi ba, kuma ba a kowace waya take tafiya daidai ba. Me ya faru? A ƙarshen 2011 Adobe ya daina bunƙasa Flash ta wayoyin hannu. A Janairun 2015 YouTube ya mayar da HTML5 hanyarsa ta asali, ya kuma sanar da cewa tsohon salon dasa bidiyo ta Flash da mahaɗarsa sun zama tsohon yayi, kowa ya koma iframe. A 2017 Adobe ya sa wa Flash ranar mutuwa. Ranar 31 ga Disamba, 2020 ya janye hannunsa daga gare ta, kuma daga 12 ga Janairu, 2021 ta daina kunna komai. Ku saurara da kyau, masu sauraro. Hanyar da aka kira gwaji ita ce ta rayu, ita ce ake amfani da ita har yau. Hanyar da aka kira tabbatacciya ita ce ta mutu. Shafukan da suka dogara da ita, ba a kuma gyara su ba, sun koma farin fili da ba ya nuna komai.

Wannan tarihi yana gaya mana abu mai muhimmanci. Kalmar gwaji da aka rubuta a kan mahaɗa ba ita ce ma'aunin haɗari ba. Hasali ma ita ce magana mafi gaskiya da kamfani kan faɗa, domin ya fito fili ya ce abin zai sauya. Haɗarin gaske yana wajen wanda ya ɗauka cewa abin da ba a rubuta masa gwaji ba zai dawwama. Duk mahaɗar da ba taka ba ce tana iya sauyawa. Bambancin kawai shi ne wata ta sanar da kai tun farko, wata kuma sai da ta bari ka saki jiki.

Kashi na uku, bari in nuna muku yadda hanyoyin da aka ce sun tabbata su ma suka riƙa sauyawa. A watan Afrilun 2015 YouTube ya rufe tsohuwar mahaɗar bayanansa, wadda ake kira ta biyu, bayan ya yi kusan shekara guda yana gargaɗi. Sakamakon haka, talabijin masu intanet da yawa na kamfanoni irin su Sony da Panasonic, waɗanda aka ƙera a 2012 ko kafin nan, suka rasa YouTube. Talabijin ɗin lafiyarsu ƙalau, mahaɗar da suke magana da ita ce aka ɗauke. A watan Satumbar 2018 aka yi wani sauyi da ya fi shafar irin makarantar da muka yi misali da ita. Kafin lokacin, mai shafi yana iya ba da umarni cewa idan bidiyonsa ya ƙare kada a nuna wasu bidiyoyi a bayansa. Daga wannan wata aka cire wannan iko. Abin da ya rage shi ne ka nemi a taƙaita ga bidiyoyin tasharka. Sannan a ƙarshen 2020 YouTube ya sauya sharuɗɗansa a Amurka, ya faɗaɗa sauyin zuwa sauran duniya a tsakiyar 2021, cewa yana da ikon sa talla a kan bidiyo ko da mai bidiyon ba ya cikin tsarin raba kuɗin talla. Ku kwatanta uban da ya buɗe shafin Islamiyya don ganin saukar 'yarsa, talla ta fara tarbarsa, tallar da makaranta ba ta zaɓa ba. Ba YouTube zai zarga ba. Makarantar zai zarga, makarantar kuma ta juya kan yaron da ya haɗa shafin.

Ba YouTube kaɗai ba ne. Ranar 24 ga Oktoba, 2020, Facebook da Instagram suka rufe tsohuwar hanyar da mutum zai liƙa adireshin bidiyo kawai a shafinsa ya bayyana. Suka ce daga yanzu sai mai haɗa shafi ya yi rajista ya karɓi izini. Manhajar WordPress, wadda ɗimbin shafukan labarai na Najeriya ke kanta, dole ta cire wannan sauƙi daga cikinta. Vine, wani dandali na gajerun bidiyoyi masu daƙiƙa shida, an rufe shi a farkon 2017. Twitter ya sanar a Fabrairun 2023 cewa mahaɗarsa ta kyauta ta zo ƙarshe. Akwai kuma wanda ya faru a gidanmu. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Najeriya. Wata bakwai. Duk shafin da ya dasa bidiyonsa daga can, mai kallo a kan layukan wayar ƙasar nan ba ya samunsa ta hanyar da ya saba. A nan ba kamfani ne ya sauya mahaɗa ba, hukuma ce ta datse hanya, amma ga mai kallo a Ikara sakamakon ɗaya ne: ya taɓa, ba abin da ya fito.

Idan yanzu kuka kama tashar, muna magana ne a kan bidiyon da ake dasawa a shafukan intanet ta hanyar aro, da abin da ya wajaba a kan mai haɗa shafi. Mun shiga kashi na huɗu, inda za mu saurari masu ja da wannan ra'ayi. Maganganunsu suna da nauyi, kuma ba zan raina su ba.

Na farko zai ce, tunda haka ne, a guji duk abin da aka rubuta wa gwaji, a tsaya a kan wanda ya nuna. Tarihin Flash ya riga ya amsa wannan. Amma akwai gaskiya a cikin maganar, kuma ya kamata a ware ta. Ba kowane gwaji ne ke rayuwa ba. Manhajar Chrome ta Google tana da tsarin da take buɗe sabuwar fasaha na wani wa'adi, idan wa'adin ya cika ta rufe, wata a dawo da ita da sabon fasali, wata a watsar. Don haka abin dubawa shi ne wane ɓangare na aikin aka jingina da gwajin. Idan ƙari ne, kamar tsallen nan zuwa sunan ɗalibi, to ranar da ya lalace bidiyon zai ci gaba da kunnuwa, an rasa sauƙi ne kawai. Wannan babu laifi. Idan kuwa kunna bidiyon kansa ne ya rataya a kan gwajin, har ya zama in ya faɗi babu abin da ya rage a shafin, to an shuke gonar mutum duka da irin da ba a tabbatar ba. Wannan shi ne abin da nake cewa kuskure ne.

Na biyu zai ce, to me ya kai mu aro tun farko? Mu ajiye bidiyonmu a namu rumbun intanet mana, mu huta. Wannan magana tana da daɗin ji, amma mai yin ta bai lissafa kuɗin ba. Bidiyo abu ne mai nauyi. Duk wanda ya kalla, rumbun da ke turo masa yana cin kuɗi. Kuma akwai wani aiki da YouTube ke yi a ɓoye wanda mutane ba su lura da shi ba. Yakan sarrafa bidiyo ɗaya zuwa mataki-mataki na kyawun hoto, daga mai nauyi zuwa marar nauyi. Idan sabis ya yi rauni, kamar yadda yakan yi a ƙauyukan da ke nesa da babban titin Zariya zuwa Kano, sai ya sauko da kai mataki na ƙasa don kada kallo ya tsaya. Ƙungiyar manoman tumatir a Ikara ko masu rake da mazarƙwaila a Makarfi ba su da kuɗin gina irin wannan. Ko masu shirya finafinan Hausa, da suka fi su ƙarfi, sun koma can ne. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina ta YouTube miliyoyin mutane suka riƙa bin su. Don haka ban ce a bar aro ba. Aron yana da amfani, kuma a halin da muke ciki shi ne mai yiwuwa. Abin da na ce shi ne asalin bidiyon, wanda ya fito daga kyamara, ya zauna a hannun mai shi, a wuri biyu daban, ba a cikin wayar mai ɗauka kaɗai ba. Wanda ke da asali, in wannan dandali ya rufe sai ya ɗora a wancan. Wanda ya goge asali don ya ga bidiyon ya hau intanet, ranar da aka rufe tasharsa shi ke nan.

A kan wannan batu, masu turi na kasuwanninmu suna da abin koya mana. Sana'arsu ta rayu ne domin fayil da ke cikin memori ba ya jiran sabis, ba ya jiran izinin kowa. Karatuttukan malamai irin su marigayi Sheikh Abubakar Gumi da marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam sun iso ga matasan yau ne saboda wasu sun adana kaset, daga baya aka juye a faifai, daga nan zuwa memori, daga nan zuwa intanet. Na'ura ta sauya sau da yawa, karatun bai ɓata ba, domin akwai masu riƙe da shi a hannu.

Na uku shi ne wanda ya fi taɓa zuciyata, domin daga bakin ƙannenmu masu sana'ar yake fitowa. Zai ce, "Malam, kana magana ne kamar ba ka san kasuwa ba. Idan na ce wa Alhaji wannan abu na gwaji ne, yana iya lalacewa, zai ɗauki aikinsa ya kai wa wanda zai ce masa komai lafiya. Kuma ba wanda ke biyan kuɗin gyara. Sau ɗaya ake biya, a manta da kai." Ƙanena, na ji ka, kuma abin da ka faɗa yana faruwa. Amma ka duba ɗaya gefen. Ba a Legas kake ba, inda za ka yi aiki ka ɓace. A Makarfi kake, ko Hunkuyi, inda Alhajin ya san mahaifinka, kuna kuma haɗuwa a masallacin Juma'a. Ranar da bidiyon ya daina fitowa, ba zai ce wani kamfani a Amurka ya sauya mahaɗa ba. Zai ce yaron nan ya yi mana aikin ha'inci. Sai ka koma ka gyara kyauta don ka wanke sunanka, ko ka ƙi zuwa sunan ya ɓaci. Duka biyun asara ce, kuma shirun da ka yi a farko ne ya jawo ta. Ban da haka, addininmu bai yarda mai sayarwa ya ɓoye aibin da ya sani a cikin hajarsa ba. Kai ka karanta gargaɗin. Shi bai karanta ba, ba zai ma iya ba, shi ya sa ya kira ka. Ilimin da ke hannunka amana ne.

Kuma faɗin gaskiyar ba sai da dogon Turanci ba. Ka ce, "Ranka ya daɗe, bidiyon nan a wurin YouTube zai zauna, mu haskowa kawai muke yi. Sukan sauya tsarinsu lokaci-lokaci. Idan sun sauya, gyaran ba zai ɗauki dogon lokaci ba, amma aiki ne. Mu yi magana yanzu, nawa ne kuɗin dubawa a shekara." Dattijon da ke kai injin ban-ruwansa wurin makaniki kafin noman rani ba baƙo ba ne ga zancen kula da kaya. Abin da ba ya so shi ne a zo masa da zancen bayan abu ya lalace. Ku rubuta yarjejeniyar a takarda, ko da layi biyar ne, kowa ya sa hannu.

Na huɗu zai ce wannan damuwar manyan kamfanonin Abuja ce, mu nan me muke da shi a intanet? Ni kuwa ina ganin akasin haka. Babban kamfani yana da ma'aikatan da aikinsu ke nan, su karanta sanarwar sauyi su gyara kafin kowa ya lura. Makarantar ƙauye mutum ɗaya gare ta, shi ma wataƙila ya tafi bautar ƙasa ko ya sami aiki a Kano. Ƙarami shi ne ya fi jin jiki, domin shafinsa yana iya shekara a lalace ba wanda ya waiwaye shi. Kuma yawan matasan da ke shiga wannan sana'a ƙaruwa yake yi. Ga ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, ga na Kwalejin Nuhu Bamalli, ga waɗanda suka shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don koyar da fasahar zamani. Aikin farko da yawancinsu za su samu a gida ne, a wurin makaranta ko asibiti ko ƙungiya. Halin da suka fara da shi, da shi za su girma.

Kashi na ƙarshe, ga masu sana'ar kai tsaye, sai kuma masu ba da aiki. Ƙannena, duk umarnin da shafinku ke aika wa mahaɗar wani kamfani, ku tara shi a wuri guda a cikin rubutunku, kada ku warwatsa shi a shafi ashirin. Ranar sauyi, wuri ɗaya za ku taɓa. A ƙarƙashin kowane bidiyo ku rubuta sunansa, da ranar da aka ɗauka, da taƙaitaccen abin da ke ciki, ku kuma sa adireshin da mutum zai taɓa ya je wurin bidiyon kai tsaye. Idan filin ya ƙi buɗewa, mai kallo bai tashi a banza ba. In wa'azi ne ko darasin noma, ku ciro sautin kaɗai ku ajiye a gefe, domin sauti ba shi da nauyi, kuma mutanenmu mutanen saurare ne. Kada ku bar bidiyo ya fara lodi da kansa da an buɗe shafi. Ku sa hoto, sai wanda ya taɓa. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowane megabait yana da daraja a aljihun talaka, kuma ba daidai ba ne ku kashe masa shi ba da izininsa ba. YouTube yana da shafin da yake jera tarihin sauye-sauyen mahaɗarsa. Ku riƙa leƙa shi. Sauyin 2015 da na 2018 duk an rubuta su kafin su fara aiki. Waɗanda abin ya zo wa ba zato, galibi waɗanda ba su karanta ba ne.

Ku kuma iyayenmu da malamanmu masu ba da aiki, ba sai kun san kwamfuta ba kafin ku kare kanku. Ku tambayi yaron, cikin mutunci, a ina bidiyon nan yake zaune? Idan can ya rufe, me mai kallo zai gani? Asalin yana hannun wa? Sai kuma tambayar da aka fi mantawa da ita, wadda ta fi sauran jawo rigima: da sunan wa aka buɗe tashar? Sau da yawa mai haɗa shafi yakan ɗora bidiyon makaranta a asusunsa na kansa don sauri, da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Ba da mugun nufi ba. Amma idan ya yi tafiya, ko layinsa ya ɓata, ko aka sami saɓani, makaranta ba ta da ikon taɓa bidiyonta. Don haka a buɗe asusun da sunan makaranta ko ƙungiya tun ranar farko. Lambar da ake turo wa saƙon tabbatarwa ta zama ta shugaba ko sakatare. Kalmar sirri kuma a rubuta ta a ajiye tare da sauran takardun ofis, mutum biyu amintattu su san inda take.

A nan za mu dakata a shirin na yau.